Samfurin da Ba a Riƙe da Hannu: Nasiha ga Matasa Masu Neman Ilmin Ƙere-ƙeren Jiragen Sama

Kusan babu wani sabon jirgin sama da ake ɗora wa fasinja sai an fara gwada ƙaramin samfurinsa a cikin bututun iska, wato wani dogon rami da aka gina domin a hura iska a cikinsa da manyan fankoki, a kafa samfurin a tsakiya, sannan a auna yadda iskar ke ɗaga shi da yadda take ja da shi baya. Hujjar wannan gwaji ita ce ƙarfin da ke aiki a jikin jirgi ɗaya ne, ko jirgin ne ke ratsa iskar da ke tsaye, ko kuma iskar ce ke wuce jirgin da ke tsaye, matuƙar saurin bai bambanta ba. Francis Wenham ne ya gina bututu na farko a Ingila a shekarar 1871, kuma Wilbur da Orville Wright sun gwada siffofin fiffike kusan 200 a cikin wani ƙaramin bututun katako a garin Dayton a 1901, kafin jirginsu ya tashi a ranar 17 ga Disamba, 1903. Sai dai tun daga wancan zamani akwai wata matsala da take biye da wannan sana'a, wadda ya kamata duk matashin da ke sha'awar fannin ya fahimce ta kafin ya amince da kowane adadi da aka rubuta masa: jirgi na gaskiya yana tafiya a sarari babu abin da ke riƙe da shi, amma samfuri a cikin bututu ba ya tsayawa da kansa, dole ne a sami abin da zai riƙe shi.

Hanyoyin riƙon da aka saba da su uku ne. Akwai siraran wayoyi da ake rataye samfurin da su, akwai ƙafafun ƙarfe da ke tallafe shi daga ƙasa, akwai kuma sandar ƙarfe da ake cusawa ta wutsiyarsa, wadda ita ce aka fi amfani da ita a gwajin gudu mai tsanani, kuma a bakinta ne ake ɗaura ɗan ƙaramin ma'aunin da ke ɓoye a cikin cikin samfurin. Kowace daga cikinsu tana dagula iskar da ake son aunawa. Sandar wutsiya ta fi ɓarna a inda aka fi bukatar gaskiya, domin a bayan abu ne iska ke rabuwa da jikinsa ta bar wani yanki mai hargitsi da ƙarancin matsi, kuma wannan ƙarancin matsi shi ne babban ɓangaren turjiyar da ke jan abubuwa masu faffaɗan baya, irin su harsashi da roka da kumbon da ke dawowa daga sararin samaniya. Idan aka cika tsakiyar wannan yanki da sanda, to an canza shi. Sau da yawa ma sai an faɗaɗa wutsiyar samfurin ko an huda ta kafin sandar ta shiga, ta yadda abin da ake gwadawa ya daina zama ainihin siffar da maƙera suka zana. Injiniyoyi sun ƙirƙiro dabarun gyara, kamar su gwada samfuri sau biyu da riƙo iri biyu su ɗebe bambancin, kuma dabarun suna aiki daidai gwargwado, amma mai lura zai gane cewa gyaran kansa ƙiyasi ne. Wajibi ne ɗalibi ya riƙe wannan tun da wuri: kayan awo yana shiga cikin sakamakon awo, kuma tambayar farko da ta dace a yi wa kowane adadi ita ce da me aka riƙe abin lokacin da ake auna shi.

Daga nan ne tunanin rataye samfuri da maganaɗisu ya taso, wato a saka ƙarfe ko maganaɗisu a cikin jikin samfurin, a kewaye bututun daga waje da naɗe-naɗen wayar tagulla waɗanda ke zama maganaɗisu idan lantarki ya bi ta cikinsu, sai samfurin ya tsaya a tsakiyar iska babu abin da ke taɓa shi. Faɗar abin ta fi yinsa sauƙi, kuma wani malamin lissafi na Ingila mai suna Samuel Earnshaw ya nuna dalili tun a 1842. Abin da lissafinsa ke nufi a aikace shi ne ba za a iya jera maganaɗisu masu tsayayyen ƙarfi ta kowace irin siffa ba har su riƙe wani maganaɗisu a sarari riƙo mai ɗorewa, domin duk wurin da aka daidaita ta wata fuska, sai a tarar ya zama wurin zamewa ta wata fuskar. Idan ƙarfen ya ɗan matsa kusa da maganaɗisun da ke sama, jan zai ƙaru ya fizge shi ya manne. Idan ya ɗan yi ƙasa, jan zai ragu ya faɗi.

Ɗalibin da ya ji wannan hukunci ya rufe littafi zai tafi da rabin ilmi, alhali amfanin yana cikin sharuɗɗan hukuncin. Earnshaw ya yi magana ne a kan ƙarfin da ba ya canzawa, bai hana a riƙa ƙara ƙarfin da rage shi daidai da motsin abin da aka rataye ba. Ta wannan ƙofa ce F. T. Holmes ya rataye sandar ƙarfe a Jami'ar Virginia a 1937, inda Jesse Beams ya ci gaba da amfani da dabarar wajen juya ƙananan ƙwallayen ƙarfe da gudu mai ban mamaki ba tare da gogayya ba. Bayan shekara 20, a 1957, Tournier da Laurenceau na cibiyar binciken jiragen sama ta Faransa da ake kira ONERA suka bayar da rahoton samfuri na farko da aka rataye da maganaɗisu a cikin bututun iska. Karanta sharuɗɗan ƙa'ida da natsuwa, kalma bayan kalma, ɗabi'a ce da ta fi haddace sunanta amfani nesa ba kusa ba.

Na'urar tana da sassa huɗu da ke aiki a zagaye. Na farko shi ne abin da ke gano matsayin samfurin, wanda a wasu na'urori haske ne da samfurin ke tare wani ɓangarensa, a wasu kyamara ce mai sauri, a wasu kuma ƙananan naɗin waya ne da ke jin kusancin ƙarfe. Na biyu shi ne mai sarrafawa, wanda a da tarin kayan lantarki ne, a yau kuma kwamfuta ce, kuma aikinsa shi ne ya kwatanta inda samfurin yake da inda ake so ya kasance. Na uku shi ne injin da ke ƙara ko rage lantarkin bisa umarnin mai sarrafawa, na huɗu kuwa naɗe-naɗen da ke mayar da lantarkin ya zama ja ko turi. Wannan zagaye yana maimaituwa ɗaruruwan lokuta a cikin daƙiƙa ɗaya. Lamarin ya yi kama da na yaron da ya tsayar da karan dawa a kan yatsansa, wanda idonsa ke kan karan, hannunsa kuma ba ya daina ƙananan motsi, kuma ba inda karan ya karkata kaɗai yake lura da shi ba, har da saurin karkatar. Haka ma na'urar take: idan matsayi kawai take dubawa ba ta lissafa saurin motsi, gyaranta zai riƙa zuwa a makare, samfurin ya shiga lilo mai ƙaruwa har ya bugi bango.

Ba sama da ƙasa kaɗai ake tsarewa ba. Abu a sarari yana da hanyoyin motsi shida, uku na matsawa, wato gaba da baya, dama da hagu, sama da ƙasa, uku kuma na juyawa, wato ɗaga hanci, karkata hanci gefe, da mirginawa a kan tsawon jiki. Biyar daga ciki suna samuwa da doguwar sandar maganaɗisu guda ɗaya da aka shimfiɗa a cikin samfurin, amma ta shida, wato mirginawa, ta daɗe tana wahalar da masana, saboda sanda mai zagayayyen jiki ba ta nuna wa filin maganaɗisu wani bambanci idan ta juya a kan kanta, don haka babu inda filin zai kama ta. An magance wannan da ƙara wasu maganaɗisu a cikin fikafikai ko a gicciye, amma fiffike siriri ne, wurin ajiya a cikinsa kaɗan ne, ƙarfin da ake samu ma kaɗan ne.

Abin da ke jan idon mai kallo shi ne samfuri yana shawagi babu igiya, amma darajar na'urar a wurin injiniya tana wani wuri dabam, kuma a nan ne ya kamata matashi ya tsaya ya daɗe. Tun da lantarki ne kaɗai ke riƙe samfurin, to yawan lantarkin da ke bi ta kowane naɗi shi ne shaidar ƙarfin da ake yaƙa. Kafin a kunna fanka, lantarkin yana ɗauke da nauyin samfurin ne kawai. Idan iska ta fara kaɗawa ta tura samfurin baya, na'urar za ta ƙara lantarki a naɗin da ke jan sa gaba domin ya tsaya a wurinsa, kuma wannan ƙarin shi ne ma'aunin turjiyar iska. Ke nan na'urar mariƙi ce kuma sikeli ce a lokaci guda. Sai dai sikelin da ba a tantance ba ba ya faɗin komai, domin adadin lantarki ba adadin ƙarfi ba ne sai an san dangantakar da ke tsakaninsu. Hanyar da aka saba bi ita ce a rataye samfurin babu iska, a ɗaura masa siririn zare, a bi da zaren ta kan wata 'yar ƙafa mai juyawa, a rataya sanannen nauyi a ƙarshensa, a rubuta lantarkin da na'urar ta ja, sannan a ƙara nauyi a sake rubutawa, a yi haka ta kowace fuska kuma a kowane kusurwar da za a yi gwaji a kanta, domin dangantakar tana canzawa idan samfurin ya ɗaga hanci ko ya matsa daga tsakiya. Ƙarfin da aka sa ta fuska ɗaya yana iya bayyana a naɗin wata fuskar, zafi yana rage ƙarfin maganaɗisu, kuma duk wani ƙarfe da ke kusa da bututun yana lanƙwasa filin, abin da ya sa ake gina sashen gwajin da kayan da ba sa ɗaukar lantarki.

Wannan aiki na zare da nauyi yana cin kwanaki, ba shi da armashi, kuma ba shi ne ake ɗauka a hoton bidiyo ba, amma duk adadin da za a buga daga baya a kansa yake tsaye. Matashin da ke gudun irin wannan aiki yana neman wanda za a yaba masa a take, zai iya zama mai nuna abin al'ajabi, amma da wuya ya zama wanda ake dogara da awonsa wajen ƙera abin da rayukan mutane za su hau.

Bayan nasarar Faransa, cibiyoyi da dama sun gina nasu a shekarun 1960, daga ciki akwai MIT a Amurka inda Eugene Covert da abokan aikinsa suka yi fice, da Jami'ar Southampton a Ingila ƙarƙashin Michael Goodyer, da cibiyar gwaji ta Arnold ta sojojin saman Amurka a jihar Tennessee, wadda na'urarta ta fara gano matsayin samfuri da hasken eksire. Dukkansu ƙanana ne. Ta MIT faɗinta inci 6 ne, wato kimanin santimita 15, ta Arnold kuma inci 13, kimanin santimita 33, kuma dukansu biyu sun koma cibiyar NASA ta Langley daga baya. Idan aka kwatanta da babban bututun NASA na Ames, mai faɗin ƙafa 120 da tsayin ƙafa 80, za a ga girman tazarar. Dalilin ƙanƙantar yana cikin halin maganaɗisu, wanda ƙarfinsa ke raguwa da sauri ƙwarai idan aka yi nisa da shi. Jirgin ƙasan Shanghai da ya fara jigilar fasinja ta kasuwanci a 2004 yana shawagi ne da tazarar kimanin santimita ɗaya tsakanin maganaɗisunsa da layin, amma a bututun iska dole ne naɗe-naɗen su kasance a bayan bango, nesa da samfurin, don kada su tare iskar. Duk lokacin da aka faɗaɗa bututu, lantarkin da kuɗin suna ninkawa fiye da yadda faɗin ya ninka. A shekarun 1980 an yi wa NASA zane-zanen na'ura mai faɗin ƙafa 8 wadda za ta yi aiki da wayoyin da ake sanyayawa har su daina yi wa lantarki turjiya, amma ba a gina ta ba. Gaskiyar da ya kamata a faɗa wa ɗalibi ba tare da ado ba ita ce, shekaru fiye da 60 bayan 1957, yawancin gwaje-gwajen manyan kamfanonin jiragen sama a kan sanda ake yin su har yanzu. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma cire sandar yana da tsada.

Ƙanƙanta tana da wata illa da ta shafi abin da ake kira adadin Reynolds, bisa sunan Osborne Reynolds na Manchester wanda ya bayyana shi a 1883. Adadin yana haɗa saurin iska da girman abu da nauyin iskar da danƙonta, kuma yana nuna ko iskar da ke manne da jikin abu za ta gudana lami lafiya ko za ta hargitse. Samfuri ba ya wakiltar jirgi sosai sai adadinsu ya yi kusa. An ga tasirin haka a 1912, lokacin da Gustave Eiffel ya auna turjiyar ƙwallo a bututunsa na birnin Faris ya sami ƙasa da rabin abin da aka samu a Göttingen ta Jamus, har aka zaci kuskuren lissafi ya yi. A 1914 Ludwig Prandtl ya nuna cewa duk ɓangarorin biyu daidai suka auna, bambancin shi ne Eiffel ya haye wani mataki na adadin, kusan 300,000, inda iskar da ke jikin ƙwallon ke hargitsewa ta ƙara mannewa, yankin baya ya tsuke, turjiya ta faɗi.

Wannan illa ce ta haifar da sakamakon da babu wanda ya nufa da farko. A 1971 Goodyer yana Langley yana neman hanyar ɗaga adadin Reynolds a ƙananan bututun da maganaɗisu ke iya aiki a cikinsu, sai ya kawo shawarar a sanyaya iskar matuƙa, domin sanyi yana ƙara mata nauyi, yana rage mata danƙo, yana kuma rage saurin sauti a cikinta, ta yadda adadin zai ninka sau da dama ba tare da an ƙara girman bututu ko ƙarfin fanka ba. Shi da Robert Kilgore da abokansu suka gwada dabarar a wani ƙaramin bututu a 1972 ta hanyar fesa ruwan naitirojin, wanda ke tafasa a digiri 196 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyas. Daga wannan gwaji ne aka kai ga babban bututun sanyi na Langley a farkon shekarun 1980, da takwaransa na Turai a birnin Kolon a farkon shekarun 1990, kuma a irinsu ake gwada samfuran manyan jiragen fasinja a yau, a kan sanda kuwa. Dabarar da aka nemo don ta yi wa maganaɗisu hidima ta fi maganaɗisun yaɗuwa. Wanda ya zauna da matsala mai wuya ya ƙi barinta yakan sami abin da bai fita nema ba, amma ba ya samunsa sai yana da tushen ilmin zafi da na ruwa da na lantarki a tare, kamar yadda wannan misali ya nuna.

Fannin ya sake farfaɗowa saboda abubuwa uku da suka zo daga waje: maganaɗisun niyodimiyam da Masato Sagawa a Japan da John Croat a Amurka suka samar a farkon shekarun 1980, da kyamarori masu sauri, da kwamfuta mai araha. Japan ce ta fi cin moriyarsu, inda Hideo Sawada ya jagoranci gina na'ura mai faɗin santimita 60 a cibiyar da ta shiga cikin hukumar JAXA a 2003, daga baya kuma Jami'ar Tohoku da ke Sendai ta gina mai faɗin mita ɗaya. Abin lura shi ne irin abubuwan da aka gwada a cikinsu: ƙwallo, da guntayen sanda masu tsawo dabam-dabam, da kibiyar 'yan wasan harbi, wadda sirantarta ta sa kowane mariƙi zai ɓata awonta. A Amurka kuma Colin Britcher na Jami'ar Old Dominion da masanan Langley sun tayar da tsohuwar na'urar MIT domin nazarin kumbon da ke sauka a duniyar Mars, wanda yakan shiga lilo kafin lemarsa ta buɗe, kuma sanda ba ta barin a ga wannan lilo yadda yake. Kada ɗalibi ya raina ƙwallo da sanda, domin da awon irin waɗannan siffofi masu sauƙi ne ake duba ko lissafin kwamfuta na gudanar iska gaskiya yake faɗa, kuma kwamfutar da ba a duba ta da awo ba tana iya fitar da hoto mai kyau a kan kuskure.

Matashin da wannan fanni ya burge ba ya bukatar jiran babban ɗakin gwaji kafin ya fara. Ana iya haɗa na'urar da ke rataye ƙaramin maganaɗisu ta fuska ɗaya da naɗin wayar tagulla a kan ƙusa mai kauri, da ɗan abin jin filin maganaɗisu da ake kira sansar Hall, da taransista, da allon Arduino, kuma da yawa daga cikin matsalolin fannin za su bayyana a cikinta: mannewa, faɗuwa, lilo, da zafin waya. Ya kiyaye yatsunsa daga maganaɗisun niyodimiyam, ya kuma nisanta su da ƙananan yara, domin haɗiye su yana iya huda hanji. Idan abin ya tsaya a sarari, kada ya ɗauka aikin ya ƙare: ya rataya masa sanannen nauyi kaɗan-kaɗan, ya rubuta lantarkin kowane mataki a littafi da kwanan wata, ya maimaita washegari ya ga ko adadin ya dawo yadda yake, idan kuma bai dawo ba ya nemi dalili kafin ya nuna wa kowa.